Katakon Baballe

Duk wanda ya ce maka ba a buga golf a tsakanin Kura da Bunkure, to bai taɓa bin bayan tsofaffin gidajen ma'aikatan ruwa ranar Asabar da safe ba. Filin yana nan, ramuka tara, babu ciyawa ko ta magani. Inda mutanen birni ke shimfiɗa koriyar ciyawa kewaye da rami, a nan yashi ne aka kwaɓa da baƙin mai aka baje shi kamar faifai, aka kafa tutar tsohon ƙyalle a tsakiya. 'Yan rediyo suna ce wa wasan ƙwallon lambu, kuma babu inda sunan ya zauna daram kamar nan, domin in hannunka ya karkace kaɗan, cikin albasar wani ƙwallonka za ta faɗa.

Ma'aikatan noman rani ne suka share filin fiye da shekara talatin da suka wuce. Cikin waɗanda suka riƙe fartanya a wancan lokacin, biyu kaɗai suka rage. Akwai Malam Datti, wanda ya ƙare aikinsa yana buɗe ƙofofin ruwa yana rufewa da agogo a hannu. Gajere ne, mai saurin hawa, irin mutanen da ba sa yi maka bayani sau biyu, wani lokacin ma ko sau ɗaya. Sai abokinsa Injiniya Dalhatu, dogo, mai barkwancin da ya taɓa sa wani babban darakta ya ƙware da shayi. Wannan fa a da ke nan. Shekara biyu da suka wuce ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi. Ya tashi, amma ƙafar hagu sai ja, magana ma sai ya lalubo ta kalma-kalma, barkwancin kuwa ya tafi ko sallama babu.

Wata takwas Dalhatu ya yi a ɗaki, ba ya son kowa ya gan shi. Datti ne ya je wata Asabar ya tsaya masa a ka, ya yi ta masifa har Dalhatu ya ga tashi ya fi masa sauƙi. Tun daga ranar suke fitowa ƙarfe bakwai, su biyu, Datti ɗauke da sandunan duka biyun da wani tsohon buhu da aka ɗaure a gora. Matar Dalhatu, Hajiya Kubra, ta sha faɗa wa Datti cewa a duk mako ranar Asabar kaɗai mijinta ke tambayar ina hularsa.

Sai filin ya yi sababbin masoya. Samari ne masu injinan gyaran shinkafa da 'ya'yan masu su, da motoci, da sanduna masu ƙyalli, da takalma na musamman. Kada a zalunce su, sun yi abin kirki: sun gyara rumfar kulob ɗin, sun ɗinka sababbin tutoci. Suka kafa kwamiti, suka naɗa Taufiq sakatare, saurayi mai tsabta da ladabin baki, wanda ko ruwa zai sha sai ya duba agogo. Suna farawa bakwai da rabi, a bayan tsofaffin, kuma kafin rami na uku sun cim musu. Daga nan sai tsayuwa, da riƙe ƙugu, da tsaki a ɓoye.

Wata Asabar cikin watan Maris, bayan an gama wasa, Taufiq ya tara kowa a rumfa ya buɗe wani sabon littafi mai baƙin bango.

"Iyayenmu, ku yi haƙuri," in ji shi. "Kwamiti ya yanke shawara. Daga mako mai zuwa, ramuka tara awa biyu ne. Wanda ya tare hanya ya ba na bayansa wuri su wuce. Duk rukunin da ya haura awa biyu za a rubuta shi a littafin nan, ya bar safiyar Asabar, ya koma Laraba bayan azahar."

Laraba bayan azahar a watan Maris! Lokacin da ko ƙadangare ba ya yarda ya taka yashin nan. Kowa a rumfar ya san likita ya hana Dalhatu shiga rana, kowa kuma ya san da wa ake.

"Yau awa nawa muka yi?" Datti ya tambaya.

"Uku da minti goma, Baba. Kuma wallahi ba tafiyar ce kaɗai ba. A kowane rami sai kun tsaya jan buhun nan kamar masu sharar masallaci. A bakin kanal kuma sai kun yi hirar kwata guda da mai gadin can."

"Wane mai gadi?"

"Tsohon nan mai bukka, wanda yake sa katako."

Datti ya dube shi. Maganar ta zo masa har baki, ya ga yaron ya riga ya mayar da ido kan agogo, sai ya haɗiye ta. Ai wanda ya shekara yana taka abu bai taɓa tambayar na wane ne ba, ba a rumfa za a koya masa ba.

Taufiq ya ɗauka shirun nan saukowa ce, sai ya ƙara da abin da yake gani alheri ne. "Kai Baba Datti ai da ƙarfinka, sai ka shigo cikinmu. Baba Injiniya kuma mu samo masa adaidaita sahu, ya riƙa bin mu a gefe yana kallo, ya sha iska."

Dalhatu yana zaune a kan benci, sandarsa tsakanin gwiwoyi. Ya buɗe baki, kowa ya jira.

"Ba... komai," in ji shi.

Wannan kalmar ce ta ƙona Datti fiye da dokar. Ya miƙe ya saɓa buhunsa.

"Mun ji doka. Tunda mu ne muke tare muku hanya, ranar Asabar ku shiga gaba. Ku ɗauki ƙarfe bakwai, mu mu bi ku a baya."

Samarin suka yi ta godiya, har da masu cewa Allah ya ƙara girma.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Datti ya biya gidan Dalhatu. Hajiya Kubra ta tare shi a soro, murya ƙasa-ƙasa.

"Malam, ya sa an ɗora sandunan a kan sif. Tun ranar nan ko tsakar gida bai fito ba. Ya ce shi ba zai zama abin jira ba."

Datti ya shiga ba tare da ya gama sallama ba. Ya tarar da abokinsa a kwance ya juya wa ƙofa baya.

"Tashi. Ni za ka yi wa wannan? Ni da kai muka kwaso yashin nan a baro daga bakin rafi, lokacin iyayen yaran nan ko aure ba su yi ba."

"Yara... sun yi... gaskiya. Ina da... nawa."

"Kana da nawa mana! Wa ya ce ba ka da nawa? Da can ma da ƙafarka biyu nawa gare ka, surutu ne ya rufa maka asiri. Gobe shida da rabi ina ƙofar gida. Ko awa huɗu za mu yi, a filin za mu yi ta. In za su rubuta mu, su rubuta mu a tsaye, ba a kan katifa ba."

Ya ja kujera ya hau da kansa, tsoho ɗan shekara sittin da takwas, ya sauko da sandunan ya fita da su. Hajiya Kubra ta ce da ta leƙa bayan tafiyarsa, ta tarar Dalhatu zaune yana kallon kan sif ɗin.

Asabar ta zo. Ƙarfe bakwai daidai Taufiq ya danna agogo, shi da abokinsa Abuzar da wasu biyu suka buga ƙwallayensu suka yi nisa, gwanin sha'awa. Suka bi su da sauri kamar masu gudun ruwan sama.

A ramin farko suka fara gane wani abu. Yashin da suka saba tararwa sumul, yau duk sawun shanu ne da na awaki, domin dabbobin ƙauye ta nan suke ratsawa kowace yamma. Abuzar ya tura ƙwallo daga taku uku, ta yi tsalle ta kauce. Ya sake, ta faɗa sawun kofato ta zauna abinta. Sai da ya buga biyar. Suka shiga share yashi da gefen takalma masu tsada, baƙin mai yana ɓata musu safa. Haka a rami na biyu, haka a na uku. Babu wanda ya ambaci buhu, amma kowa ya tuna da shi.

Bakwai da rabi tsofaffin suka fara. Dalhatu ba ya buga ƙwallo ta yi nisa, amma ba ta karkacewa. Ya buga, ya ja ƙafa, ya buga, ya ja ƙafa. Da suka iso yashin farko Datti ya sauke buhu ya ja shi daga bakin rami zuwa waje, zagaye bayan zagaye, har wurin ya kwanta. Suka zura ƙwallayensu, ya sake ja don share sawunsu.

"Babu... kowa... a bayanmu," in ji Dalhatu.

"Na sani."

"Lokaci..."

"Shekara talatin ina jan buhun nan, ba don agogon Taufiq na fara ba, ba kuma don shi zan bari ba. Buga."

Yanzu sai a fahimci yadda filin yake. Ramuka huɗu na farko suna bin gefen kanal su yi nisa da rumfa. Daga nan sai a tsallaka ruwan, a dawo da sauran biyar ta ɗaya gefen har zuwa kwalbatin da ke kusa da rumfa. A wurin tsallakawar babu gada. Kanal ɗin ya fi ƙarfin tsalle, kuma Asabar ce ranar da ake sako wa wannan shiyyar ruwa, yana tafe cike har baki. Abin da ake takawa wani dogon katako ne mai kauri, kuma katakon ba na kulob ba ne. Na Baballe ne, manomin da gonar albasarsa ke tsallaken. Shi ya saye shi don baronsa, kuma a gefensa yake ajiye shi, domin in ya bar shi a kan ruwa awaki za su haura su yi masa ɓarna. Baballe bai taɓa zama mai gadin kowa ba. Tun zamanin mahaifinsa ake tura wa ma'aikatan ruwa katako saboda mutunci, kuma saboda Datti, lokacin yana riƙe da ƙofofin ruwa, bai taɓa bari gonakin ƙarshen layi su kwana da ƙishi ba.

Tun daga nesa Datti ya hango mutum huɗu a tsaye a bakin kanal. Ya duba agogonsa, tara saura minti goma. Bai ƙara sauri ba, bai kuma bar Dalhatu ya ƙara ba.

Da suka matso suka ji muryar Abuzar ta dushe. "Malam! Kai mai gadi! Katako!"

Baballe yana can cikin albasarsa, ya ba su baya, yana buɗe wa ruwa hanya da fartanya daga wannan fangali zuwa wancan. Ya yi kunnen uwar shegu da su. Akwai masu cewa Datti ne ya kitsa masa, amma masu faɗar haka ba su san Baballe ba. Mutumin da aka kira mai gadi a cikin gonar ubansa ba ya bukatar zuga.

Taufiq ya taho da sauri, gumi ya jiƙa masa riga. "Baba, minti talatin muna nan. Mutumin nan ko kurma ne? Na ce masa sannu, a turo mana katako muna sauri, ya dube ni ya ce wane katako."

Datti ya wuce shi kamar bai ji ba. Ya ajiye sanduna, ya tsaya a bakin ruwa.

"Salamu alaikum, Malam Baballe."

Fartanya ta tsaya. Baballe ya miƙe a hankali ya juyo. "Wa alaikumus salam. A'a, Malam Datti! Yau an makara. Injiniya, barka da asuba, yaya ƙarfin jiki?"

"Da... sauƙi."

"Allah ya ƙara sauƙi."

Aka shiga gaisuwa, kuma Datti bai rage ko ɗaya ba. Ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya mai jiki da aka ce an kai Kura asibiti, ta dawo? Ruwa ya iso da ƙarfi yau ko ya yi sanyi? Albasa ta fara kwanciya, saura kwana nawa a cire? Samarin suna tsaye suna sauya ƙafa. Sai Baballe ya zo kan abin da yake zuwa kansa kowane mako.

"Malam Datti, yaranka sun sake. Wancan makon fangali biyu suka tattaka mini da takalman nan masu ƙusa, suna neman ƙwallo. Na ce maka in ta faɗo su bar ta, ni zan tsinto."

"Ka faɗa, kuma ka yi gaskiya. Laifina ne da ban ja musu kunne ba. Ka yi haƙuri."

"Kullum kai ne mai ba da haƙuri."

Baballe ya shiga bukka ya fito da wata tsohuwar ƙwarya, ƙwallaye bakwai a ciki. Taufiq ya gane uku daga ciki, da alamar jan biro da yake yi wa nasa. Ya sha ganin ƙwallayensa da suka ɓata sun dawo cikin kwandon rumfa, bai taɓa tambayar ƙafar da ta kawo su ba. Ya sunkuyar da kai.

Baballe ya jawo katakon daga bayan bukka ya turo shi, Datti ya kama bakinsa ya daidaita, ya taka ya ji ya zauna. Abuzar ya ɗauki jakarsa zai hau.

"Dakata," in ji Datti. "Sakatare, karanta mana dokarka. Wanda ya tare hanya, me aka ce ya yi?"

Taufiq ya ce, "Ya ba na bayansa wuri."

"Su wa muka tarar a nan?"

Abuzar ya sauke jakar.

Dalhatu ya matso bakin katakon. Kowane mako Datti ne ke shiga gaba yana ja da baya, riƙe da hannunsa. Yau da Datti ya miƙa hannu sai Dalhatu ya ture shi. Ya dafa sandar wasansa, ya ɗora ƙafar dama, ya jawo ta hagu ta biyo. Ruwa yana wucewa a ƙarƙashinsa, katakon yana ɗan lanƙwasa. Datti ya dunƙule hannu ya bar shi. Taku, ja. Taku, ja. Babu wanda ya duba agogo.

A tsakiyar katakon Dalhatu ya tsaya. Ya juyo da kai a hankali har ya sami Taufiq.

"Sakatare... ina... adaidaitar... taka? Ko ita ma... tana jiran... katako?"

Baballe ne ya fara fashewa da dariya, har ya saki ƙwaryar. Samarin suka bi, har da Taufiq, yana rufe fuska. Datti kaɗai bai yi dariya ba. Shekara biyu rabon da ya ji abokinsa ya tsokani wani, sai ya juya ya yi kamar yana gyara ɗaurin buhu, don kada yara su ga idonsa.

Sauran ramuka biyar ɗin tsofaffin ne a gaba. Datti ya ja buhunsa a kowane yashi, kafin da bayan, samarin suna tsaye a baya suna jira, ba mai tsaki. Sha ɗaya saura kwata samarin suka iso rumfa, minti goma bayan tsofaffin. Littafin yana kan tebur, Taufiq yana juya biro a hannu.

"Baba, ina ganin yau a bar..."

"A'a. Doka ce, ku kuka yi ta." Datti ya karɓe biron ya jawo littafin. Ya tsallake layin farko, a na biyu ya rubuta da manyan baƙaƙe irin na ma'aikatan da: Datti da Dalhatu, awa uku da minti biyar. Ya juya littafin ya tura gaban Taufiq, ya ɗora yatsa a kan layin da ya bari.

"Ku kun fara bakwai, kun gama yanzu. Awa uku da minti arba'in da biyar. Rubuta, sunanka a sama tunda kai ne a gaba. Sai mu haɗu ranar Laraba bayan azahar, mu duka. Ka zo da hula mai faɗi."

Taufiq ya daɗe yana kallon layin. Ya dubi abokansa, kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Sai ya kama shafin ya yage shi a hankali, ya ninke ya sa a aljihu. Ya miƙa hannu wajen buhun da ke jingine da benci.

"Baba, ko mako mai zuwa ni zan riƙa ja?"

Datti ya janye buhun ya saɓa a kafaɗa. "Ba ka iya ba. Ka fara koyon sallama tukuna."

Dalhatu ya riga ya miƙe, ya gyara zaman hularsa, ya nufi ƙofa yana jan ƙafa. Bai waiwayo ba ya ce, "Datti... Asabar... bakwai. Kada ka... makara."